Fatawa: Maƙwabciyata Kirista tana waƙa a zaman makoki, ni kuwa kuka na yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jos nake zaune, kuma maƙwabciyata Kirista ce da mijinta ya rasu a hatsarin mota. Da na shiga yi mata gaisuwa, na tarar da ita da matan zumunta suna waƙoƙin yabo, tana cewa Yesu ya riga ya fanshe su, saboda haka baƙin cikinta na ɗan lokaci ne. Ni kuwa tun da ɗana ya rasu bara hawaye bai bar idona ba. Shin imanina ne yake da rauni, kuma ya halatta in ci gaba da zuwa wurinta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya sa mai ceto ne.

Adalci ne mu fara da faɗin aƙidarsu yadda suke riƙe da ita. Kiristoci sun yi imani cewa an gicciye Almasihu domin fansar 'yan Adam daga zunubi, kuma ya tashi daga matattu, shi ya sa suke ɗaukar wahalar duniya a matsayin abu mai wucewa, har wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 5, take koya musu farin ciki a cikin tsanani. Ba mu da hujjar cewa natsuwar maƙwabciyarki ta ƙarya ce, sai dai natsuwar zuciya ba ita ce ma'aunin ingancin aƙida ba. Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa (AS) ba kuma ba a gicciye shi ba (Nisa'i, aya ta 157), ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani (An'am, 164), kuma Allah Ya karɓi tuban Annabi Adamu (Baƙara, 37), don haka babu wani zunubin gado da ya rage wanda zai buƙaci fansa.

Game da kukanki, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Malamai sun bambanta haƙuri, wanda wajibi ne, da yarda, wadda daraja ce mafi girma da mafi yawansu suka ce mustahabbi ce. Matuƙar ba ki yi kururuwa ko yaga tufafi ko zargin Allah ba, kin sauke wajibi. Abin da zai faranta miki rai kuwa yana cikin addininki, domin ya inganta a Bukhari da Muslim cewa babu wata gajiya ko cuta ko damuwa da za ta sami Musulmi, ko da ƙaya ce ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubai da ita. Wannan kaffara ce da bawa yake samu ta jarrabawar da ta same shi shi kansa, bisa falalar Allah.

Zuwa wurinta halal ne a ra'ayin da na fi natsuwa da shi, saboda aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba da damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma Manzon Allah ya je duba wani yaro Bayahude da yake yi masa hidima. Ki kai mata abinci, ki ce Allah Ya ba ta haƙuri Ya raya marayun, amma kada ki shiga waƙar, kada ki amsa addu'ar da ta ƙunshi aƙidar fansa, kuma kada ki nema wa mamacin gafara (Tauba, 113). Zaman makoki kuma ba wurin muhawara ba ne, sai ki bari har ta tambaye ki da kanta.

Wallahu a'alam.