Noma yau, tsamin jiki jibi: me ke faruwa da tsoka?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni matashi ne a Maradi, gonarmu tana gefen Gulbi. Duk farkon damina ranar da na fara noma lafiya lau nake komawa gida, amma washegari da jibi ko sunkuyawa in yi alwala sai da ƙyar. Wani lokaci cikin dare sha-raɓata ta ɗaure tamau. Abokai sun ce in riƙa haɗiyar ƙwaya kafin in fita. Ciwo ne ke gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Yadda ka faɗa, ba ciwo ba ne, tsokarka ce ta yi hutun rani aka tashe ta ba shiri.

Tsoka iri uku Allah ya yi mana. Akwai ta zuciya, wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a yini, ba ta jiran izininka. Akwai ta hanji da ciki da hanyoyin jini, ita ma gaban kanta take ci. Ta ukun ce taka ta noma, wadda ke manne da ƙashi: sun haura 600, kuma a jikin namiji sukan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa.

Ja kawai tsoka ta iya, ba ta turawa. Shi ya sa suke aiki bibbiyu. Tanƙwara hannunka ka dafa ƙwanjinka, za ka ji ya taru ya yi tauri. Miƙe shi kana tura bango, sai ta baya ta karɓa. Cikinta kuwa kamar igiyar rama take, silili ne sirara da aka haɗa. Idan ka ɗora mata aikin da ta kwana biyu ba ta yi ba, musamman wanda take riƙe nauyi tana miƙewa, irin sunkuyo da sauke buhu, sai wasu silili su ɗan tsattsage, tsagar da ido ba ya gani. Jiki ya shiga gyara, wurin ya ɗan kumbura. Gyaran ne kake ji, kuma yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. In ya ƙare tsokar ta fi da ƙarfi. Ka lura, lokacin maimai ba ka shan wannan wahalar. Ƴan kokowar da ke shirin gasar takobi ma ba rana guda suke tara ƙwanji ba.

Ɗaurewar dare galibi gajiya ce, zufa mai yawa na iya ƙara ta. In ta kama ka, miƙe ƙafar, ka jawo yatsun zuwa wajen ƙaurinka, ka riƙe har ta saki.

Maganar ƙwaya kuwa, ban yarda ba sam. Tramol na rufe maka zafin ne ka wuce iyakarka, ga sabo da shi har ka kasa bari, ga shi yana iya jawo farfaɗiya. Diklofenak da danginsa na magungunan rage zafin ciwo, a sha cikin zafin rana ba ruwa a jiki, ƙoda da ciki ne ke biya. Fara da rabin wuni a kwanakin farko, ka ajiye ruwa a gindin itace kana sha kafin ƙishi ya matsa. Abin da tsoka ke gyaruwa da shi yana kasuwa da araha: wake, ƙuli-ƙuli, awara, nono, fara, ƙwai in da hali. Fura da tuwo suna ba da ƙarfin aiki, amma su kaɗai ba su isa gyaran ba. Sai barci isasshe.

Amma in fitsarinka ya koma baƙi-baƙi bayan aiki mai tsanani, ko tsamin ya wuce mako, ko wuri guda ya kumbura ya yi zafi, ko hannu ko ƙafa ta saki ba ƙarfi, kar ka tsaya tausa a gida. Tafi gidan likita a ranar.