Me ya haɗa ɗanɗano da jeren ɗakin amarya?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa "taste" na nufin ɗanɗano. Sai kuma na ji ana yabon wata amarya wai tana da "taste" saboda yadda aka tsara ɗakinta. Ina ruwan harshe da jere? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ai kalmar nan da hannu ta fara, daga baya ta koma baki. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, "taster", bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasarsu a 1066. Ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi wajen shekarar 1300, kuma a lokacin tana nufin taɓa abu, lalubawa, ko gwada shi. Har yau Bafaranshe in ya ce "tâter", lalube yake nufi. Akasarin masana suna danganta ta da kalmar Latin, harshen Romawan dā, "taxare", wato a jujjuya abu a hannu don a ƙimanta shi. Daga wannan tushen ne "tax", haraji, ya fito. Ashe mai karɓar haraji da mai ɗanɗana miya 'yan ɗaki ɗaya ne!

Kada ki yi mamaki, mu ma haka muke yi. In baƙo ya tarar da mu muna cin tuwo, cewa muke "bismillah, zo ka ɗan taɓa". Kowa ya san loma ake nufi.

To, mai ɗanɗana miya hukunci take yankewa: gishiri ya ji, ko daddawa ta yi yawa. Wannan hukuncin ne aka faɗaɗa a ƙarni na 17, kalmar ta soma nufin iya bambance abu mai kyau da mara kyau a sutura, waƙa ko ado. Ma'anar da aka yabi amaryar nan da ita ke nan. Larabawa ma sun bi wannan hanyar da "zauƙ", wadda muka mai da zauƙi, sai dai mu mun fi barin ta wajen shauƙin masu bege.

A Hausa kuwa ɗanɗano bai hau kan ado ba, ya fi karkata wajen wahala, kamar "ya ɗanɗana kuɗarsa". Shi ya sa ba na jin daɗin fassarar nan ta "tana da ɗanɗano". Sai ka ce ana maganar kilishi. Ki ce ta iya zaɓe, ko ta san kaya, ko ta iya tsari, kowa zai gane.