Amsar Yaya kan jirgin ƙasa daga Heathrow zuwa cikin Landan

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari saƙonki, na kuma ga abin da Kawu ya rubuto a ƙarƙashinsa. Maganar tana da ɗan tsawo, ba zan iya zaman rubuta ta ba, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Kin ce za ku sauka a filin jirgin saman Heathrow, ke da Umma da yaran nan biyu, masaukinku kuma yana Whitechapel. Kina tambaya wane tikitin jirgin ƙasa ne ya fi araha, kuma ko ki saya tun yanzu ta intanet. Kawu ya ce ku hau Heathrow Express kawai, minti 15 kun shiga gari. To ni dai da na saurare ki, ba araha ce ta dame ki ba. Abin da ya dame ki shi ne yadda za ki kai Umma ƙofar masauki da gwiwar nan tata, ga akwatuna, ga yara da suka wuni a zaune cikin jirgi, ba tare da kun jigata ba. Shi zan amsa miki.

Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, minti 15 ɗin nan ba ƙari a ciki. Daga tashar Terminal 2 da 3 zuwa Paddington minti 15 ne cif, kuma duk bayan minti 15 wani yake tashi. Amma fa a Paddington yake tsayawa, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Paddington tana yammacin tsakiyar gari, Whitechapel tana gabas. Kun ga ke nan idan sun sauka a Paddington tafiya ba ta ƙare ba. Sai sun sauke kaya, sun ja su sun fita, sun nemi lif sun gangara ƙasa, sun sake biyan wani kuɗi, sannan su tsaya jiran wani jirgin. Wane jirgi? Elizabeth line, wanda da ma daga Heathrow ɗin yake tasowa. Sun biya kuɗi mai yawa, sun ƙara wa Umma hawa da sauka, a ƙarshe sun shiga jirgin da ya kamata su shiga tun farko.

Kuma na san abin da ya sa Kawu ya faɗi haka. Express ɗin nan tun 1998 yake aiki, duk wanda ya saba zuwa Landan a shekarun baya shi ya sani, in ba shi ba galibi sai jirgin ƙarƙashin ƙasa mai jan lokaci. Elizabeth sabo ne. A watan Mayu na 2022 aka buɗe shi, sai a Nuwamba na shekarar aka haɗe layin yadda mutum zai zauna daga Heathrow ya ratsa tsakiyar gari bai sauka ba. Yana bi ta Paddington, Bond Street, Tottenham Court Road, Farringdon, Liverpool Street, sai Whitechapel ɗinku. Bayan Whitechapel ne ma layin yake rabuwa biyu, wani ya yi Abbey Wood, wani ya yi Shenfield, saboda haka ke ba ruwanki da wanne ne ya zo, duk biyun suna tsayawa a tasharku. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Taragon masu faɗi ne, akwai na'urar sanyaya wuri, akwai wurin da za ki tsayar da akwati kusa da ke, kuma tashoshinsa suna da lif daga wurin jirgi har titi. Wannan lif ɗin shi ne duk maganar, saboda Umma.

Mai araha da kike tambaya kuwa, shi ne Piccadilly, layin nan mai shuɗi mai duhu a taswira. Tun 1977 yake zuwa Heathrow, kuɗinsa bai kai rabin na Elizabeth ba. Da ke kaɗai ce da jaka a baya, wallahi shi zan ce ki hau. Amma ba ya zuwa Whitechapel, sai kun canja zuwa layin District a tashar Hammersmith. Canjin dai ba shi da wuya, tsallakawa kawai za ku yi daga wannan gefen dandamali zuwa wancan. Sai dai taragon ƙanana ne, rufinsu a sunkuye, gwiwarki tana kusan taɓa ta wanda yake fuskantarki, ga tsayawa a kowace ƙaramar tasha. Ku shiga da manyan akwatuna a lokacin da mutane suke tafiya aiki, za ki ga yadda wuri zai ƙure muku. Sama da awa guda za ku yi a haka. Abin da za ki rage na fam bai kai wahalar tsohuwa ba.

Yanzu batun saye tun daga gida. Kada ki sayi komai. Na ce kada ki sayi komai ta intanet, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Kun tuna ɗan wajen Anti lokacin da zai tafi karatu? Ba Ingila ba ce, wata ƙasar ce daban, amma abin iri ɗaya ne. Yaron nan ya shiga intanet ya rubuta sunan filin jirgi da sunan gari, shafin da ya fara fitowa a sama shi ya danna. Ashe ba na kamfanin jirgin ƙasan ba ne, na 'yan tsakiya ne, dillalai. Suka sayar masa da tikiti mai ƙayyadadden lokaci, suka ɗora kuɗin hidima a kai, suka turo masa takarda mai kyau da tambari da komai. Can ƙasa, da ɗan mitsitsin rubutun da sai ka buɗa shi da yatsu biyu kafin ka iya karantawa, aka ce jirgin wannan lokacin kaɗai tikitin yake wa aiki. Jirgin samansu ya yi latti. Ya zo ya tarar da layin jami'an shige da fice ya yi tsawo, ya fito ya jira kaya. Kafin ya isa tasha tikiti ya mutu. Yaro bai san kowa ba, ga dare ya yi, ya sake sayen wani a na'ura, kuma abin haushin, na na'urar ya fi wancan sauƙin kuɗi.

Ni na zauna na dinga rubuta musu saƙo. Amsa ɗaya suke maimaita min, wai an rubuta a cikin sharuɗɗa. To an rubuta, na yarda. Amma ku da kuke sayar da tikiti daga filin jirgi, ba ku san jirgin sama yana latti ba? Ba ku san babu wanda ya isa ya ce ga mintin da zai fito daga hannun shige da fice ba? Me ya sa za ku ɗaure baƙo da lokaci, ku ɓoye maganar a ƙasan takarda? Ko sisi ba su mayar ba. Ba yawan kuɗin ne ya tsaya min a rai ba har yau, yadda aka yi wa yaro ne a ranarsa ta farko a ƙasar mutane, ya kira uwarsa murya tana rawa. Kuma har yanzu irin shafukan nan su ne a sama idan ka yi bincike, saboda kuɗi suke biya a ɗora su. To shi ke nan, bari in bar wannan.

A Landan ba ki buƙatar wannan duka. Katin banki mai alamar taɓawa, irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ba sai an zura ba, shi ne tikitinki. A ƙofar shiga za ki ga wani zagaye mai ruwan ɗorawa, ki ɗora katin a kai, ƙofa ta buɗe. Idan kin isa Whitechapel ki sake ɗorawa a wajen fita. Su ne za su yi lissafi su cire. Amma ki riƙe abu biyu. Kowane babba da katinsa, ba a wuce mutum biyu da kati ɗaya, saboda haka Umma ma sai an ba ta nata a hannu. Sannan da abin da kika shiga da shi za ki fita. Idan da kati kika shiga, kada ki fita da waya, ko da asusun banki ɗaya ne, na'urar tana ɗaukarsu a matsayin abu biyu daban. Sai ta ga kin shiga ba ki fita ba, ta ga kuma kin fita ba ki shiga ba, ta yanka miki kuɗi mafi yawa a kowanne. Ki kuma tambayi bankinki kafin ku tashi ko katin yana aiki a waje. In ba ya yi, ku sayi Oyster, katin biyan kuɗin jirgi da bas na Landan, a na'ura nan cikin tashar ƙarƙashin ƙasa ta filin jirgin, ku zuba masa kuɗi, aikinsu ɗaya. Za ku buƙace shi ko don bas, domin tun 2014 bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Yara kyauta ne. Wanda bai kai shekara 11 ba yana shiga kyauta idan yana tare da babban da ya biya, har yara 4 a kan babba ɗaya. Ku bi ta ƙofar nan mai faɗi ta gefe, wadda masu keken guragu da masu kaya suke bi, ki tura su gabanki ku wuce tare. A'a, tsaya. Babbar yarinyar ba ta cika 11 ba kuwa? Ina jin ta cika a bana. In ta cika, to ita ba kyauta ba ce. Ki saya mata Oyster, ki sami ma'aikaci a tashar ki ce ya sa mata rangwamen Young Visitor, na 'yan shekara 11 zuwa 15 ne, rabin kuɗin babba za ta dinga biya har kwana 14. Ki tafi da ita wurin, sai sun gan ta.

Don kada Kawu ya ce na yi wa jirginsa rashin adalci, Express yana da ranarsa. Wanda masaukinsa yake kusa da Paddington, ko zai kama wani jirgin daga can zuwa Bristol ko Cardiff, shi ya dace da shi. In an saya da wuri a shafinsu na ainihi kuɗin yana sauka sosai, kuma yara 'yan 15 zuwa ƙasa ba sa biya idan suna tare da babba. Ba ku ne dai ya dace da ku ba. Haka abin yake a wurare da yawa, mai suna Express tasha ɗaya yake kai mutum. Gatwick Express, na wani filin jirgin saman Landan, sai tashar Victoria, alhali jirgin Thameslink daga Gatwick ɗin yana ratsa London Bridge da Farringdon da St Pancras. 

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne dandamali. A tashar Terminal 2 da 3, Express da Elizabeth wuri ɗaya suke tsayawa, kuma dukansu launin shunayya suke amfani da shi a alamominsu. Mutum ya gaji, ya ga jirgi ya buɗe ƙofa, sai ya faɗa. Idan kika faɗa Express da katinki, a Paddington ƙofar fita kuɗin Express za ta cire, kuma ba ya shiga cikin iyakar nan da suke sa wa abin da za a cire miki a rana. Ki ɗaga kai ki karanta allo. Abbey Wood ko Shenfield, shi ne naku. In kina shakka ki tambayi ma'aikaci, suna nan a tsaye, ki ce masa Whitechapel kawai, zai nuna miki.

Sannan tafiyar ƙafa daga wurin ɗaukar kaya zuwa tashar tana da ɗan nisa, dogon lungu ne a ƙarƙashin ƙasa. Amalanken kaya kyauta ne amma ba ya shiga har wurin jirgi, akwai inda za ku ajiye shi ku ja da hannu. Saboda haka kada ku tafi da akwatin da ba shi da taya. Umma kuma ki sanar da kamfanin jirgin samanku tana buƙatar keken turawa, aƙalla awa 48 kafin tashi, kada ki bari sai kun sauka. Na san za ta ce ita lafiyarta ƙalau, ki nema dai.

Ranar komawa ma ki kula, ba kowane Elizabeth da ya nufi yamma ne yake zuwa Heathrow ba. Wasu Reading suke tafiya. Masu zuwa Heathrow ɗin ma, bayan Terminal 2 da 3 wani Terminal 4 yake ƙarewa, wani Terminal 5, kuma na 5 ɗin duk rabin awa yake zuwa. Ki sauke manhajar TfL Go ta hukumar sufurin Landan a wayarki, ki duba ana gobe za ku tashi, saboda wani lokaci suna rufe wani sashe a ƙarshen mako don gyara, ko a yi yajin aiki.

Ki turo min hoton tikitin jirgin samanku in ga terminal ɗin da ƙarfe nawa za ku sauka. Elizabeth ba ya kwana yana aiki, idan saukar tsakar dare ce sai mu sake lissafi, wataƙila mota za a nema muku. A gaida Umma, a ce mata zan kira ta bayan Isha'i.