Uwar da ciwon daji ya ɗauke wa ɗa: kukanta da fitowarta ta faɗakar da mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni a Makka nake zaune wajen Shari Mansur, ɗana ɗan shekara 7 ya rasu bara da kansar jini. Da farko zazzaɓi ne da ba ya sauka sai ya yi fari fat yana kukan ƙafafunsa, wasu suka ce shawara ce wasu kambun baka, muka yi ta jiƙe-jiƙe, ga igamarmu, wato takardar izinin zama, ta ƙare muna tsoron babbar mustashfa (asibiti), wani mustausaf (ƙaramin asibiti) da muka je maganin zazzaɓi kawai suka ba mu. Ko da aka gane ciwon ya yi nisa, an yi masa kimawi, wato maganin kansa da ake sawa a jiki, gashinsa ya zube amma Allah bai yi ba. Har yau takalminsa na makaranta na bayan ƙofa na kasa ɗaukewa, in na ji ana kiran sallar gawa a Harami sai kuka. Ina so in riƙa yi wa mata bayanin alamomin ciwon a WhatsApp, in sa hotonsa, in faɗi sunan mustausaf ɗin, mu kuma tara kuɗi wa masu jinya, amma surukata ta ce rashin tawakkali ne da tonon asiri. Ina da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya ba ku haƙuri ke da mahaifinsa, ya sa mai ceto ne.

'Yar'uwa kukan nan naki babu laifi a cikinsa ko shekara goma za ki yi kina yi. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ɗauki ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa idanunsa suna zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce kai ma ya Rasulallah? Ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuwa idanunsa har fari suka yi saboda Yusuf, yana cikin aya ta 84 a Suratu Yusuf, kuma shi ne dai mai cewa haƙuri kyakkyawa. To waye zai zo ya yanka miki ranar da hawaye za su tsaya? Abin da aka hana sananne ne, kururuwa da marin fuska da yaga tufa da maganar da ke tuhumar Allah irin su me na yi maka. Kwana 3 da kike ji ana faɗa na barin ado da turare ne ga mace in wanda ya rasu ba mijinta ba ne, ba wa'adin zuciya ba ne. Takalmin ma ki bar shi har ki samu ƙarfi, ranar da kika iya ki yi sadaka da shi.

Inda nake ji miki tsoro shi ne wannan zancen zucin na da mun kai shi da wuri, don na san shi ke cin iyaye da daddare. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya hana mutum ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce a ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata. Kin yi iya abin da kika sani a lokacin, ajalinsa kuma rubutacce ne. Ki yawaita addu'ar Ummu Salama, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, ki kuma tuna hadisin Abu Musa a Tirmizi, wanda aka ɗauke wa ɗa ya gode wa Allah ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un ana gina masa gida a Aljanna a sa masa suna Baitul Hamdi.

Amma yarda da ƙaddara a kan wanda ya tafi bai hana ki ceto wanda ke raye ba, a nan nake ganin Hajiya surukarki ta kuskure, Allah ya saka mata da alheri don na san kunyar dangi take ji. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, a ƙasashe masu hali fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta ba sa kai kashi 30, kuma daga manyan dalilan akwai rashin ganewa da wuri da barin magani a tsakiya. Kin ga kenan in kin gaya wa wata uwa a unguwar Jarwal ta Makka ko Karantina ta Jidda cewa zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko yaro ya ɗashe, ko tabo na fito masa ba tare da ya faɗi ba, ko kumburin ciki, ko farin abu na ƙyalli a ƙwayar ido, to ta nace a auna jini a bincika kada ta tsaya, wallahi nasiha kika yi kuma ina miki fatan lada mai gudana. Ruƙya sunna ce a yi ta, amma ba ta cire zuwa wajen likita, malamin da zai ce a bar kimawi a dogara da rubutunsa ya ji tsoron Allah. Ki gaya musu kuma ba a ɗaukar ciwon nan, a daina gudun kwanon yaro mai jinya, abin yana ƙona ran iyaye ba kaɗan ba.

Sunan mustausaf kuwa ban yarda ki watsa ba. Wanda aka zalunta yana da damar ya yi magana, aya ta 148 a Suratun Nisa'i, sai dai ni da ke ba mu ne za mu tabbatar sakaci ne ko kuwa ciwon ne bai bayyana ba a ranar. Ki haɗa takardun ki kai ƙorafi Ma'aikatar Lafiya, lambarsu 937, masana su duba. A ƙasar nan ɓata suna ta intanet laifi ne mai ɗauri da tara, kada a taru miki biyu.

Tara kuɗi ma haka, taimakon mai jinya alheri ne kuma talakan da kuɗin magani ya fi ƙarfinsa ana ba shi zakka, amma karɓar gudummawar jama'a a asusunki ba da izinin hukuma ba doka ta hana a Saudiyya, kuma kariya ce gare ki daga zargi. Ki nuna wa mutane manhajar Ihsan ta gwamnati mai karɓar sadaka ko ƙungiya mai rajista irin Sanad ta Riyad da ke kula da yara masu ciwon daji, ko ki miƙa wa mabuƙacin hannu da hannu. Abin da ma ya fi sauƙi, ku zaburar da mazajenku su je ba da jini, yaran da ke kan kimawi suna yawan buƙatarsa kuma halal ne.

Hoto malamai sun yi saɓani a kan na kamara, ni abin da na fi natsuwa da shi ki yi bayaninki ba hoto. In ya zama dole to da yardar mahaifinsa, kuma ban da na gadon jinya da robobi a hanci, ban da na gawa ko kaɗan. Ki zauna da maigidan ku yi maganar nan a tsanake kafin ki fara komai, shi ma ɗansa ne, ya san yadda zai fahimtar da mahaifiyarsa cikin ladabi. Wallahu a'alam.