Amsoshin wasiƙun masu kiwon dawaki: takardar asali

Wani Alhaji daga Katsina ya rubuto cewa ya sayi goɗiya da tsada, dillali ya rantse masa Thoroughbred ce, wato jinsin dawakin sukuwa na Ingila, amma ba takarda. Yana tambaya ko akwai ƙungiyar da za ta yi mata rajista.

Alhaji, babu. Wannan tambaya ta sha zuwa, amsar kuma ba ta canzawa. Dogayen ƙafafu da siririn wuya ba su ne shaida ba. Doki yana zama Thoroughbred ne idan uwarsa da ubansa duk suna cikin littafin asali da aka amince da shi. A Ingila kamfanin Weatherbys ke riƙe da littafin tun 1791, a Amurka kuma ƙungiyar Jockey Club. Ta wajen uba, duk jinsin yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian.

Rajistar tana farawa tun ranar baye. Mai ingarma ya ba da takardar cewa dokinsa ya hau goɗiya kaza ran kaza. Bayan kamar kwana 340 ta haihu, a Ingila sai a sanar cikin kwana 30. Likitan dabbobi ya zo ya zana alamomin duƙushin, farin goshi, farin ƙafa, inda gashi ya murɗe, ya sa masa 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a gefen hagu na wuya, ya ɗebi jini ko gashin geza da saiwarsa don gwajin da zai tabbatar da iyaye. Idan gwajin ya saɓa wa takarda, ba fasfo, wato takardar shaidar doki. Nan gaba, kafin ka ƙirga wa dillali kuɗi, a karanta na'urar wuyan a gabanka, lambar ta yi daidai da ta fasfo.

Kada kuma a haɗa masu littafi da ƙungiyar masu kiwo. Ta Ingila, wadda aka kafa a 1917 kuma take garin Newmarket, ba ta ba doki takarda. Aikinta tsaya wa masu kiwo a gaban gwamnati da hukumar sukuwa, zuba kuɗi a binciken cututtuka, da horar da ma'aikatan barga.

Wani daga Kaduna yana son shigo da maniyyin ingarma daga waje, tunda ya ji ana yi a Ajantina. Na dawakin folo ne kake ji, Malam, su dokarsu ta yarda. A littafin Thoroughbred sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, in ba haka ba ɗan ba ya shiga.

Mai tambayar yadda ake ƙirga shekarun doki: a Ingila da Amurka kowane Thoroughbred yana ƙara shekara ran 1 ga Janairu, a Ostireliya 1 ga Agusta.

Sai mai dokin da aka shigo da shi, wanda ke ta sayen alluran ƙarin kuzari. Ka bar ɓarnar kuɗi. Abin da ke kashe dawakin da aka shigo da su nan shi ne cutar dawakin Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, musamman da damina. Zazzaɓi, kumburi a saman ido, numfashi da ƙyar, kumfa ta hanci. Ba ta da magani. A yi masa rigakafi kafin ruwa ya sauka, a shigar da shi barga mai raga mai ƙananan ido kafin faɗuwar rana, kada a fito da shi sai hantsi.