Digiri na Biyu a Tsaron Intanet

Tambaya: Malam, na kammala digiri a kimiyyar kwamfuta, ina son ƙwarewa a tsaron intanet. Shin in tafi digiri na biyu ko in fara neman aiki?

Amsa: Ɗana, idan koyarwa ko bincike kake buri, digiri na biyu wajibi ne, kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen wannan fanni. Amma bankuna da kamfanonin sadarwa sun fi duba abin da hannunka ya iya, don haka ka laƙanci Linux (wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta) da tsarin haɗa kwamfutoci, ka rubuta jarrabawar Security+, wadda ke ba da shaidar sanin tushen tsaron intanet. Kada ka yi gaggawar CISSP, jarrabawar manyan ƙwararru a fannin, domin sai mai ƙwarewar aiki ta shekara 5, ko 4 ga mai digiri irin naka, ake ba cikakkiyar shaidarta.