Alhaji, kafin ka biya mai bugu a Shomolu, duba ƙ da ɗ

Wani Alhaji mai shagon littattafai a Agege ya aiko da tambaya. Zai buga ɗan littafin koyon sallah da Hausa, kwafi 2,000, mai bugu a unguwar Shomolu da ke Legas kuma ya ce ya zaɓi salon haruffa: Times New Roman, Garamond, ko ya sayi wani na kuɗi. Wanne ne ba zai ja masa asara ba?

Alhaji, Allah ya sa albarka. Duka biyun haruffa ne masu 'yar ƙafa a ƙarshen kowane zanen harafi, irin waɗanda aka saba gani a littafi da jarida, kuma sun dace da dogon karatu. Amma ni ba kyau nake fara dubawa ba. Yaron da zai tsara maka shafi a CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta, galibi ba ya jin Hausa. Idan salon da ya ɗauka ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, kwamfuta za ta aro su daga wani salon, su fito a karkace kamar baƙo a gidan biki, ko su zama ɗan akwati. Shi ba zai lura ba. Kai ne za ka ga "ƙafa" ta koma "kafa" bayan an gama ɗinke kwafi 2,000.

Saboda haka kada ka kashe ko kwabo a kan salon kuɗi. Charis SIL da Gentium kyauta ne, an yarda a yi kasuwanci da su, kuma an yi su ne da harsuna irin namu a zuciya. Ni Charis nake so, domin jikinsa da kauri, ba ya dushewa a takarda mai arha.

Sai maganar takarda, inda kuɗinka yake tafiya. Times New Roman, wanda aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932, matsattse ne, yana rage yawan shafuka. Charis ya fi shi faɗi. Ka sa a tsara babi ɗaya da kowanne, ka ƙirga shafukan, ka ji farashi. In za ka ɗauki Times, a tabbatar na kwamfutarsu yana da haruffanmu.

Ka ce a buga maka shafi ɗaya a kan ainihin takardar, ka miƙa wa wani dattijo a masallaci ya karanta ba tare da ya matso da shi kusa da hanci ba. Daga nan sai ka ba da kafin alƙalami.